Lemon da Na Riƙa Aika wa Inna

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Mu Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya a wani ƙauye kusa da Bukkuyum. Fulatancin ya fara zamewa daga bakinmu, shanun ma sun ragu sun koma biyu, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Ina yaro "wancan" take ce mini. Da na samu aikin koyar da Turanci a Gummi sai aka yi mini ƙarin girma, na koma "mutumin Gummi". Ina tsugune a gabanta za ta kau da kai ta tambayi ƙanwata, autarmu, ko mutumin Gummi ya ci abinci. Auta ta juyo ta tambaye ni, in amsa mata, ita kuma ta mayar wa Inna, kamar dukkanmu ba a tabarma ɗaya muke ba. Haka muka rayu, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba, ko da yake wani lokacin nakan ji haushi in ga yadda take wasa da dariya da Auta.

Inna maciyar goro ce ta gaske. Fari take so, mai ɗanɗano, tana naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma cikin wani ɗan kwanon sha da ya daina aikinsa na asali. Da ta idar da sallar asuba za ta ɓare ɗaya, kafin hantsi ta ƙara, haka har dare. Ga kuma shayi mai kauri, irin wanda marigayi Baba ya koya mata, wanda ake dafawa har ya yi baƙi. Duk wanda ya zo gaishe ta ya san abin da zai riƙo, ni ma shekara da shekaru goron ne tsarabata.

Wata shekara da bazara ta fara jiri. Auta, wadda ke aure a ƙauyen kuma take yini a wajenta, ta kira ni a waya ta ce Inna ta kusa faɗuwa a bakin rijiya. Na zo na kai ta ɗakin shan magani a Bukkuyum. Ma'aikaciyar lafiyar, wata dattijuwa mai haƙuri, ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta saurari ƙirjinta, ta ce hawan jini ne, kuma zuciyar ba ta bugawa daidai. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce a rage gishiri, a kuma rage goro da shayi a hankali a hankali, don suna sa zuciya gudu. Da kunnena na ji ta ce a rage. Amma ni malamin makaranta ne, kuma akwai wata cuta da ke damun irinmu: idan aka ce mana a rage, sai mu ji an ce a hana.

Muna komawa gida na ɗauke kwanon goron na sa a jakata. Na kwashe ganyen shayin na ba maƙwabta. Na tsaya a tsakar gida na yi jawabi, na ce daga yau duk wanda ya kawo wa Inna goro ni da shi ne. Har gidan mai sayar da goron na je na ja masa kunne, dattijon da ya girme ni nesa ba kusa ba. Inna ba ta dube ni ba. Auta ta duba, ta ce:

"Hwaɗa ma mutumin Gummi, uwata da goro a baki ta tsuhwa, kuma ba shi yak kashe ta ba."

Na ce da Auta ta gaya mata wannan zamani daban ne. Ban tsaya jin amsa ba, na kama hanyar Gummi ina jin na yi abin kirki.

Kwana uku Auta ta kira. Ta ce Inna na kwance da ciwon kai mai tsanani, ba ta son magana, ba ta son haske, ko tatsar shanun ta kasa. Bayan mako guda ciwon kan ya ɗan lafa, amma jikin ya mutu. Matar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma yini a kan tabarma tana gyangyaɗi. Yanzu na san jikin da ya shekara hamsin da goro ba a raba shi da shi rana ɗaya, abin da ya sa ma'aikaciyar ta ce a hankali ke nan. A lokacin ban sani ba, kuma ban koma na tambaya ba. Na ɗauka rashin ƙarfi ne na tsufa, na shiga neman abin da zai ba ta ƙarfi.

Ban yi nisa ba. A bakin tashar Gummi akwai wani shago da nake sayen wani abin sha na gwangwani idan aikin makin jarrabawa ya yi mini yawa. Direbobi da masu babur suna shansa sosai, suna ce masa lemon ƙarfi. A wajenmu duk abin da ya zo a kwalba ko a gwangwani, mai zaƙi, mai gas, sunansa lemo. Ba ruwanmu da ko an yi shi da lemo ko ba a yi ba. Lemo kuwa abin karrama baƙo ne, abin da ake kai wa mara lafiya a asibiti, abin da ake ba mai jego. Ba wanda ya taɓa jin tsoron lemo.

Akwai kuma wani abu da ya kamata in faɗa, ba don in wanke kaina ba. Tun bayan abin da gubar dalmar haƙar zinare ta yi wa yaran Yargalma da ƙauyukan da ke kewaye, mutanen yankinmu suka koyi tsoron ƙasa, da ruwan rijiya, da turmi, da duk abin da ke buɗe. Ni kaina na sha faɗa da Inna a kan wanke hannu da rufe randa. A cikin wannan tsoron sai muka yarda da duk abin da ya zo a rufe daga kamfani. Idan abu yana da murfi da rubutu a jiki, to a ganinmu mai tsabta ne, mai tsabta kuwa ba ya cutarwa. Na sayi katon guda na ba wani direban da ke bin hanyarmu ya kai mata.

Ba a yi kwana biyu ba Auta ta kira tana dariya. Ta ce Inna ta miƙe. Ta share gida, ta tatsi shanu, har ta yi faɗa da kaji. Da damina ta sauka ta koma gonar gyaɗarta da kanta, ta ƙi yarda kowa ya taya ta cira. Ni kuwa ina Gummi ina hura hanci. Har a ɗakin malamai na ba da labari, na ce na raba tsohuwata da goro kuma na samo mata abin da ya fi shi. Wallahi haka na faɗa, da bakin nan nawa.

Hanya ba ta da daɗin bi a shekarun nan, kowa ya sani, don haka zuwana gida ya ragu. Katon ɗin lemo ya zama shi ke zuwa a madadina. Da Auta ta ce ya kusa ƙarewa sai in aika wani. Ta gaya mini Inna na buɗe ɗaya da safe tun kafin ta karya, ɗaya bayan azahar, ranar da aiki ya yi yawa ta ƙara na uku. Abin da ya ba Auta mamaki shi ne Inna ba ta ba kowa. Matar da ko ɓarin goro ta samu sai ta raba shi uku, ta tura katon ɗin ƙarƙashin gado, ko Auta ba ta taɓa samun kurɓi ɗaya ba. Na yi dariya na ce tsufa ya koya mata rowa.

Da na zo hutun ƙarshen zango na ga abubuwa da idona, na kuma ba kowanne suna na daban. Hannunta na rawa idan ta ɗauki moɗa, na ce tsufa ne. Auta ta ce ba ta samun barci, na ce tsofaffi dama ba su da barci. Ta zama mai saurin fushi, na ce ai Inna ce. Wani lokaci tana cikin ɓare gyaɗa sai ta tsaya cak ta dafe ƙirji, sannan ta ci gaba. Na sa Auta ta tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau, mutumin Gummi ya cika sa ido.

A wannan hutun ne na mayar da ita ɗakin shan magani don a sake awo. Ma'aikaciyar ta auna, ta ɓata fuska, ta kwance abin awon ta sake ɗaurawa. Ta ce jinin ya hau fiye da da, zuciyar kuma na gudu. Ta dubi Inna ta tambaye ta ko ta koma cin goro. Ban bari Inna ta buɗe baki ba, na amsa cewa goro kam an yi ban kwana da shi. Shayi fa? Babu. Kofi? Ba ta ma san shi ba. Sai ta ajiye biro ta ce:

"To mi taka sha bayan ruwa?"

Na ce, "Kunu, da nono, sai ɗan lemo da nake aiko mata."

Ta ce a rage lemon saboda sukari, ta ƙara ƙarfin ƙwayar, muka yi godiya muka fito. Ba laifinta ba ne ko kaɗan. Ta yi tambayar da ta dace, ni na ba ta kalmar da ta rufe mata ido. Da na ce lemon ƙarfi, ko da na riƙo gwangwani ɗaya a aljihu, da magana ta canja tun a ranar. Na sha komawa wannan ɗakin a raina, ina tsayar da kaina a daidai wurin nan, ina cewa ƙara kalma ɗaya mana, kai mai yawan surutu. Inna na zaune a benci a gefena, ta sunkuyar da kai.

Lokacin cirar gyaɗa ne abin ya faru. Ina cikin aji da hantsi, ina rubutu a allo, waya ta dinga motsi a aljihuna. Ba na ɗauka a aji, amma da ta yi sau huɗu na fita. Auta ce, muryarta ba kuka, a bushe, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce Inna ta faɗi a gona, bakinta ya karkace, ɓarin damanta ba ya motsi, kuma ba ta magana. An samu mota mai zuwa Anka, sun sa ta a ciki sun kama hanyar asibiti. Na bar littattafaina a kan tebur na fita ko sallamar shugaban makaranta ban yi ba.

Sai bayan la'asar na isa. Na same ta a gado an sa mata ruwa, idonta a buɗe. Likitan matashi ne, bai kai ni shekaru ba. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ya kuma ce a kawo masa duk abin da take sha. Auta ta zazzage wata leda a kan teburinsa. Ga ƙwayoyin hawan jini, da yawansu ba a taɓa ba, don ashe Inna ta riƙa tsallake su tun da ta ji ƙarfi ya dawo. Ga wani maganin ciwon kai da take saya a kasuwa. Ga kuma gwangwani ɗaya, wanda Auta ta tsinta a bakin gona ta jefa a ledar don ta san Inna za ta nema idan ta farfaɗo.

Likitan ya ɗauki gwangwanin ya juya bayansa. Ya tambayi nawa take sha a rana. Auta ta faɗa. Ya tambayi tun yaushe, ta faɗa. Sai ya miƙo mini, ya sa yatsa a kan wasu ƙananan rubutu a ƙasa, ya ce in karanta. Na karanta. Da Turanci ne, Turancin da nake ci da shi, wanda nake dukan tebur a kansa idan ɗalibai suka ƙi karanta umarni kafin su amsa tambaya. An rubuta cewa akwai kafeyin mai yawa a ciki, kuma bai dace da yara da masu ciki da waɗanda kafeyin ke damu ba. Watanni ina saye, ina ɗauka, ina sha da kaina, ban taɓa juya gwangwanin ba.

Ya yi mini bayani a natse, kamar yadda nake yi wa ɗalibin da na ga ya kusa kuka. Ya ce kafeyin ɗin nan shi ne abin da ke cikin goro yake kore barci, shi ne a shayi, shi ne a kofi, har maganin ciwon kan nan da ke kan tebur akwai shi a ciki. Ya ce ba guba ba ne. Mai lafiya ya sha kaɗan da safe, da abinci a cikinsa, ya bar shi daga yamma don ya samu barci, ba abin da zai same shi. Amma a tara shi daga nan da can, a zuba a cikin da ba komai, a jikin mai hawan jini da ciwon zuciya, wannan wasa ne da rai. Goro a hankali ake taunarsa, shi kuwa wannan kwankwaɗa ake yi lokaci ɗaya, ga sukari a kai. Ya ce da an bar ta da ɓarin goro ɗaya da safe ana ragewa sannu a hankali, da ba ta shiga wancan ciwon kan da mutuwar jikin ba.

Na tambaye shi kai tsaye ko ni na jawo mata. Ya ce:

"Malam, ba zan ce shi kaɗai ba ne. Akwai shekaru, akwai jinin, akwai maganin da ta bari. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce bai taimaka ba."

Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba, ko da yake a lokacin na so ya yi.

Kwana tara ta yi a gadon nan. Auta ce ke juya ta, ta goge mata jiki, ta ɗiga mata kunu da cokali. Ni ina zaune a kujerar roba ba ni da amfanin komai sai sayo magani. A rana ta huɗu, da Auta ta fita wanke kwanuka, na matsa kusa na riƙe hannunta na hagu, wanda ke da rai. Rabon da in riƙe hannun Inna tun ina ɗan ƙarami. Na gaya mata komai, na ce lemon da nake aiko mata ba lemo ba ne, na ce ni na cuce ta da rashin sani da taurin kai, na roƙe ta gafara. Ta dube ni, ido cikin ido, ta daɗe. Bakinta ya motsa, sauti ya fito, amma ba kalma ba ce. Na kasa kunne har na kusa sa shi a leɓenta, ban gane komai ba. Har yau ban san abin da ta so faɗa ba, kuma wannan yana cina fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ta cika a rana ta tara, jim kaɗan bayan azahar. Muka kai ta gida aka yi mata sutura kafin magariba. Mutane suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da hakan, ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba. Amma imanin bai hana ni sanin hannun da ya miƙa katon ɗin ga direba ba.

Bayan addu'ar bakwai, da baƙi suka watse, ina shirin komawa Gummi, Auta ta same ni a rumfar da ake ɗaure shanu. Ta tsaya tana murza bakin mayafinta. Ta ce akwai maganar da take riƙe da ita, ta rasa ko ta faɗa ko ta bari, amma ta gaji da ɗaukarta ita kaɗai. Na ce ta faɗa.

Ta ce Inna ta sani. Ba ta san sunan abin ba, ba ta iya karatun boko ba, amma ta san jikinta. Tun a katon na biyu ta gaya wa Auta cewa duk lokacin da ta sha lemon nan ƙirjinta na dukan uku-uku, kamar ana sussuka a ciki. Auta ta tsorata ta ce za ta kira ni. Dalilin da ya sa ma Inna ta hana kowa sha ke nan, ba rowa ba ce, ba ta so ya taɓa wani. Na ce to me ya hana ki gaya mini? Na faɗa da tsawa, har saniyar ta ja baya. Auta ta ci gaba da magana. Ta ce ta ɗauki wayar har ta fara neman lambata, Inna ta fizge ta daga hannunta, ta ce:

"Ruhe bakinki. Tun da nih haihe shi ban taɓa ce mai sannu ba, ban taɓa ce mai na gode ba. Abin ga da shika aiko min, shan da nika yi, shi na godiyata. In kin hwaɗa mai shina jin ciwo."

Auta ta ce ta yi mata alkawarin ba za ta faɗa ba, kuma ta riƙe alkawarin, ga inda ya kai mu. Sai a lokacin ta fashe da kuka, ta ce, "Yaya, ka yahe min." Na ce ba ta yi mini komai ba, na kuma faɗa da gaske.

Ban tafi Gummi a ranar ba. Na zauna a rumfar nan a kan turken saniya. Shekara arba'in da wani abu ina jiran ranar da Inna za ta gaya mini wata kalma mai daɗi da bakinta. Ashe ta yi watanni tana gaya mini, sau biyu ko uku a rana, ƙirjinta na bugawa, ni kuwa ina can ina aiko mata da wani katon.